Tsami Yana Tsare Naman Kaza, Amma Ba Ya Kashe Dafi

Da zarar damina ta kankama a yankin Babban Birnin Tarayya, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, matan ƙauyukan Kwali da Kuje da Abaji da Bwari su kan yi sammako su shiga daji neman naman kaza. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, tare da maƙwabtansu Bassa da Gade da Koro, sun daɗe suna wannan sana'a tun kafin a kafa dokar ƙirƙiro Abuja a watan Fabrairu na 1976. Abin da su ka samo su kan zuba wani a miya, ragowar kuma su kai kasuwa. To, amma fa hajar tasu ba ta da haƙuri. Wanda aka tsinko da asuba, in ya kwana biyu cikin zafi sai ya yi baƙi, ya yi yauƙi, ya soma wari. Saboda haka mai talla ba ta da bakin yin ciniki. In la'asar ta yi, ko nawa aka taya sai ta sallama.

Dalilin wannan saurin lalacewa ba ɓoyayye ba ne. Kimanin kashi 90 cikin 100 na nauyin ɗanyen naman kaza ruwa ne zalla. Ba shi da ɓawo irin na doya ko na albasa da zai kare shi, kuma ko bayan an raba shi da ƙasa yana ci gaba da numfashi yana cin jikinsa.

Bahaushe dai, in za a faɗi gaskiya, bai cika sakin jiki da wannan abinci ba. Sunan da ya ba irin wanda ke fitowa a juji da gindin itace, watau laimar kwaɗi, ya isa ya nuna matsayinsa a wurinsa. Amma zaman Abuja ya haɗa shi da Gbagyi da Tibi da Ibo da Yarbawa, waɗanda ke ɗaukarsa abin marmari, har ma su kan sa shi ya maye gurbin nama ranar da aljihu ya yi sanyi. Ba su kuwa yi kuskure ba. In an busar da shi, abin da ya rage yana ɗauke da sinadarin gina jiki mai yawa, ga wasu daga cikin bitamin na rukunin B, ga harza mai taimakon hanji, kitse kuwa ɗan kaɗan ne.

Wanda aka fi daraja a daji shi ne mai fitowa a kan suri ko kusa da shi, wanda masana ke kira Termitomyces. Labarinsa abin mamaki ne, domin gara ce ke nomansa a cikin gidanta. Ta kan tauna itace da ciyawa ta jera su a ɗakunan suri, shi kuma ya yi ta narka mata su tana ci, sai damina ta zo ya ɓullo waje. Wani ɗan'uwansa da a ke samu a Zambiya faɗin laimarsa ya kan kusa kai mita guda. Har yanzu ba wanda ya iya noma wannan iri don kasuwa ba tare da gara ba, don haka sai abin da daji ya bayar, a lokacin da ya ga dama. Wanda a ke nomawa a cikin ɗaki wani iri ne dabam, mai suna Pleurotus, wanda ke tsirowa a kan dusar katako ko tattakar shinkafa cikin 'yan makonni. Dusar katako kuwa ba ta da wuya a birnin da ke da kasuwar katako irin ta Dei-Dei. Amma shi ma manomin ɗaki ciwon kansa ɗaya ne da na matar ƙauye: yau ya girbe, jibi ya zubar.

Hanyoyin adana shi da aka saba su ne shanya, da firiji, da gwangwani, kuma kowace da cikas ɗinta. Shanya tana son rana, shi kuwa naman kaza yana zuwa ne daidai lokacin da hadari ya rufe sama, iska ta cika da laima. Firiji yana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa, mai karatu kuwa ya san yadda wannan magana ta ke. Gwangwani aikin masana'anta ne mai neman jari. Wannan ne ya sa masu binciken abinci a ƙasashe da dama su ka waiwayi wata tsohuwar dabara, watau tsamantar da shi.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ko da ya ke ba a taɓa gwada ta a kan wannan abinci ba a al'adance. Bafillatanar da ta dafa madara, ta bari ta huce, ta ɗiga ɗan ragowar kindirmon jiya a ciki, ta rufe ƙwarya har gari ya waye, aikin da ta yi ke nan. Haka ma uwargidan da ta jiƙa gero ta niƙa ta tace, ta bar kamu ya kwanta ya yi tsami. A cikin ƙwaryar da robar akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda za a iya kira ƙwayoyin tsami. Abincinsu sukari ne, abin da su ke fitarwa kuma wani ruwan tsami ne irin wanda a ke ji a nono. In tsamin ya yi ƙarfi, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci da masu kawo cuta ba sa iya yaɗuwa. Wani masani na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, shi ya nuna a 1857 cewa halittu masu rai ne ke wannan aiki. Yana da kyau a lura cewa wannan ba hanyar yin giya ba ce. Barasa aikin yis ne. Abin da ƙwayoyin tsami ke bayarwa dangin kindirmo ne da koko, waɗanda ba wanda ke shakkar shan su.

Inda aka daɗe ana tsamantar da naman kaza shi ne gabashin Turai, musamman Rasha da Folan da Yukren da Belarus. Can mutanen karkara su kan tara shi a ƙarshen lokacin zafi, su jera shi a cikin ganga ko tulu, su barbaɗa gishiri bisa kowane jeri, su danne da faifan katako da dutse, su ajiye a wuri mai sanyi su yi ta ci har hunturu ya wuce. Masu bincike na jami'ar aikin gona da ke birnin Lublin a Folan sun yi shekaru suna auna wannan al'ada ta kakanninsu, har a 2019 su ka buga wani dogon nazari da ya tattara abin da aka sani game da ita. Tsarin da akasarin gwaje-gwajen ke bi ba shi da wuyar faɗi. A kan wanke naman kaza, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, a tsame ya huce. Sai a zuba gishiri wajen giram 2 a kan kowane giram 100, da sukari wajen giram 1, sa'an nan a sa irin ƙwayoyin tsami, a danne shi ya nutse cikin ruwansa yadda iska ba za ta taɓa shi ba. A kan bar shi kamar mako guda a wuri mai ɗumin digiri 20 ko kusa da haka, daga nan a mai da shi wuri mai sanyi.

Kowane mataki a nan da dalilinsa. Tsomawa a ruwan zafi tana kashe yawancin ƙwayoyin da ya ɗebo daga ƙasa, tana kuma hana shi baƙi. Amma tun da ruwan zafi ba ya zaɓe, har na kirkin ya kan kashe, shi ya sa tilas a sa iri daga waje. Sukarin kuwa ba don daɗi ba ne. Naman kaza ba shi da isasshen irin sukarin da ƙwayoyin ke saurin ci, in kuwa ba su ƙoshi ba tsamin ba zai kai inda a ke so ba. Ƙwayar da aka fi amfani da ita ita ce wadda aka daɗe ana kira Lactobacillus plantarum, kafin masana su sake mata suna a 2020. Abin sha'awa shi ne tana cikin ƙwayoyin da binciken jami'o'in Nijeriya ya sha samu a cikin kamu. Watau irin da Baturen Folan ke ajiyewa a kwalba a ɗakin bincike, danginsa na nan kwance a robar gasara a Nyanya da Karu.

Sai dai Abuja ba Lublin ba ce. Ɗumin digiri 20 abu ne da ba a cika samu a ɗakin talaka a nan ba, ko da a tsakiyar Agusta. Zafi ya kan sa tsami ya zo da gaggawa, amma ya kan sa naman ya yi laushi ya rasa ƙarfinsa, ya kuma ba fumfuna damar rufe saman ruwan. Mai yiwuwa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, ta rage wani abu. Amma ita ma ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe, ba da damina ba. Mazubi ma abin dubawa ne. Tsami yana cin tukunyar alminiyam, tukunyar ƙasa marar shafe kuma tana tsotse ruwa. Abin da ya fi dacewa shi ne kwalba mai faɗin baki, ko tulun da aka gasa da wuta mai ƙarfi aka yi masa shafe marar dalma. A nan kam yankin ba ya rasa gado, domin ƙasar Ladi Kwali ce, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, a 1954, wadda kuma hotonta ke bayan takardar naira 20.

Akwai kuskuren da ya kamata a toshe tun bai auku ba. Wata za ta ce ai ta iya daddawa, don haka wannan ƙaramin aiki ne. Daddawa da kindirmo ba hanyarsu ɗaya ba. Ƙwayar da ke nunar da kalwa wata ce dabam, ba ta kawo tsami ko kaɗan, hasali ma kishiyarsa ta ke kawowa, shi ya sa warin daddawa ya ke hawa hanci. Wanda ya dafa naman kaza ya rufe shi a wuri mai ɗumi ba gishiri ba tsami, ya shirya wa wata muguwar ƙwaya shimfiɗa. Sunanta Clostridium botulinum. A cikin ƙasa ta ke zaune, inda naman kaza ke fitowa, tana son wurin da babu iska, tafasa ta 'yan mintoci ba ta kashe ƙwanta, dafin da ta ke fitarwa kuma yana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara. Abin da ke ɗaure ta shi ne tsami. Masana suna da ma'auninsa, wanda su ke kira pH, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce tsami mai ƙarfi. Ɗanyen naman kaza yana wajen 6 ko sama da haka kaɗan. Ƙwayar ba ta iya fitar da dafi in an sauka ƙasa da 4.6, masu aikin kirki kuwa su kan nemi su kai wajen 4 don su sami kwanciyar rai. Harshe ba ya iya bambance 4.4 da 4.9. Sai da takardar awo ko ɗan ƙaramin inji, kuma duk wanda zai sayar wa jama'a bai kamata a bar shi ya dogara da ɗanɗano ba. Ko manyan masana'antu ba su tsira daga sakaci da wannan abinci ba: a 1989 mutane da dama sun kwanta ciwo a Amurka bayan sun ci naman kaza na gwangwani da aka shigo da shi daga ƙasar Sin, saboda dafin wata ƙwayar dabam, har hukumar abinci ta can ta tsare shigo da shi.

Magana mafi nauyi ita ce ta dafin da wasu ire-iren ke ɗauke da shi tun daga daji. Mutanen wannan ƙasa sun saba ganin an jiƙa rogo mai ɗaci, an tsamantar da shi, an matse, an soya ya zama garin da yaro zai sha lafiya. Daga nan sai zuciya ta ɗauka cewa tsami yana gyara kowane abu mai guba. Ba haka ba ne. Gubar rogo tana narkewa ta bi ruwa da iska ta tafi. Dafin dangin Amanita, waɗanda su ne ke da alhakin mafi yawan mace-macen cin naman kaza a duniya, ba ya jin dahuwa, ba ya jin shanya, ba ya jin gishiri, ba ya jin tsami. Mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Mutum ya kan yi awa 6 zuwa 24 garau kafin amai da gudawa su taso, sa'an nan ya ji kamar ya warke, alhali hanta tana can tana mutuwa. Akwai kuma wani fari mai faɗin laima da ke fitowa a filin ciyawa, wanda ƙarƙashinsa ke komawa kore-kore in ya tsufa. Shi bai cika kisa ba, amma ya kan wahalar da ciki ƙwarai, kuma yana kama da waɗanda a ke ci. Gwajin da a ke yi na jefa wa kaza, ko duba ko tsutsa ta ci, ko sa cokali a ga ko zai yi baƙi, duk ba abin dogara ba ne. Tsamantarwa ma tana iya ƙara haɗarin ta wata fuska, domin in an yayyanka an tsoma an haɗa a tulu ɗaya, kamanni sun ɓace, ko tsohuwar da ta fi kowa sani ba za ta iya tsame mugun daga cikin na kirki ba. Wanda duk ya ji ciwon ciki bayan ya ci na daji, asibiti za a kai shi nan take tare da ragowar abin da ya ci, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran sauƙi.

Saura batun da ya fi jan hankalin 'yan kasuwa, watau kiran wannan abu abinci mai gyara jiki. Tunanin ya samo asali ne tun daga Élie Metchnikoff, masanin Rasha da ya yi aiki a Faris, wanda a 1907 ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan nono mai tsami. A Japan wani likita, Minoru Shirota, ya ware wata ƙwayar tsami wadda aka soma sayarwa da sunan Yakult a 1935, kuma ƙasar ce ta fara kafa doka ta musamman a 1991 don tantance abincin da a ke cewa yana da wani amfani ga lafiya. A 2001 masana na hukumar abinci da ta lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya su ka ƙayyade sharaɗi: sai ƙwayoyin suna da rai, sai an ci su da isasshen yawa, sai kuma an tabbatar da amfanin.

Sharaɗin farko kaɗai ya isa ya ba mai dafa abinci a nan dariya. Miyar kuka ko ta agushi ba a sauke ta sai ta tafasa ta sake tafasa, kuma babu ƙwayar tsamin da za ta fita daga wannan tukunya da rai. Rasha da Folan a sanyaye su ke cin nasu, da albasa da ɗan mai. In ana son ƙwayoyin su isa hanji, sai dai a ci shi kamar kwaɗon zogale ko na rama, ba tare da an mai da shi wuta ba. In kuwa miya za a sa, to an sami abinci mai kyau wanda bai lalace ba, mai ɗanɗano, shi ke nan, kuma wannan ma ba ƙaramar riba ba ce. Sai a tuna da gishirin da ke ciki, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini; mai hawan jini ya rage na miya.

Gaskiya ne cewa naman kaza yana ɗauke da wasu sinadarai da masana ke sa wa ido, kamar beta-gulukan. Gaskiya ne kuma cewa a 1985 Japan ta amince da wani magani mai suna lentinan, wanda aka tace daga wani irin naman kaza, don taimaka wa masu ciwon dajin ciki. Amma wannan allura ce da likita ke yi tare da sauran magunguna, ba loma ba ce. Yawancin sakamakon da a ke yayatawa game da naman kaza mai tsami daga kwalbar gwaji ya fito, ko daga jikin ɓera. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai, wadda aka kai wa ɗaruruwan iƙirari game da ƙwayoyin tsami, ɗaya tak ta karɓa, shi ne cewa ƙwayoyin yogot masu rai suna taimaka wa wanda cikinsa ba ya narkar da sukarin madara. Duk wanda ya san tashoshin motar Abuja ya san masu lasifika da ke sayar da kwalba ɗaya mai maganin basir da ciwon sukari da sanyin mara da rashin haihuwa. Ba a bukatar duba don a gane cewa ranar da wannan abinci ya yi suna, bakinsu zai faɗa. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta kan sa masu maganin gargajiya su rubuta a jikin kwalba cewa ba ta tantance iƙirarinsu ba, amma rubutun ƙanana ne, lasifika kuwa babba.

Abuja ba ta rasa wuraren da za su iya wannan aiki ba. Cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda tana cikin ƙaramar hukumar Kwali, a bakin hanyar Lokoja, ƙauyukan masu tsintar naman kaza na kewaye da ita. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, tana Gwagwalada da hanyar filin jirgin sama. Majalisar binciken albarkatun masana'antu tana Maitama. Cibiyar binciken magunguna ta Idu kuwa ta riga ta nuna a shekarun 1990 cewa ana iya ɗaukar sanin gargajiya a auna shi a tace, lokacin da ta fitar da Niprisan don masu ciwon sikila. Abin da mai sana'a ke bukata daga gare su ba mai yawa ba ne: busasshen irin ƙwayoyin tsami a ƙaramar leda, wanda aka ware daga kamu ko nono na gida, mai jure zafin nan, da takarda guda da Hausa da Gbagyi mai faɗin gishiri nawa, kwana nawa, lamba nawa. Kuma a fara da wanda aka noma a ɗaki, wanda ba a shakkar asalinsa.

Na dajin kuwa yana da wani aikin da ke jiransa, kuma lokaci yana ƙurewa. Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, gine-gine ke ta cin daji ta wajen Lugbe da Kuje da Kubwa da Bwari, katafila kuma ba ta tsallake suri. Tsofaffin matan da su ka san sunan kowane iri da harshensu, da watan da ya ke fitowa, da wanda a ke ci da wanda a ke tsallakewa, jikokinsu da yawa suna makaranta ko suna acaɓa a gari. Ya kamata a bi su da na'urar ɗaukar hoto da littafi, damina biyu ko uku a jere, a rubuta sunan Gbagyi kusa da sunan da masana su ka sani.